Engagement: kalmar da ta taso daga jingina ta ƙare a danna waya

Duk wanda ya taɓa zama a teburin fassara na gidan rediyo ya san akwai kalmomin Turanci da ba a taɓa su sai an karanta labarin har ƙarshe. Engagement na sahun gaba a cikinsu. A labaran yini guda za ta iya fitowa sau huɗu: sojoji sun yi engagement da 'yan bindiga a wani daji, gwamna ya yi engagement da shugabannin 'yan kasuwa, wata tauraruwar fim ta sanar da engagement ɗinta, wani kamfani kuma yana kukan engagement ya ragu a shafinsa. Na farko artabu ne, na biyu ganawa, na uku baiko, na huɗu kuwa yawan masu danna waya. Wanda ya ɗauko ma'ana ɗaya daga ƙamus ya liƙa wa dukkansu, zai wayi gari ya yi wa sojoji baiko da 'yan bindiga.

Amma ba haka kawai ma'anonin suka watse ba. Tushensu ɗaya ne, kuma idan aka riƙe tushen, sauran sai su riƙa faɗawa wurinsu. Turanci ya aro kalmar ne daga Faransanci, inda gage ke nufin abin da aka ajiye jingina. Engager shi ne ka sa abu a jingina, ko ka sa kanka. A Turai ta zamanin mayaƙan dawakai, wanda ke neman fito-na-fito da wani yakan jefa safar hannunsa ƙasa a gabansa, ita ma safar gage ake ce mata, domin ta zama shaidar cewa mai ita zai zo fage ya karɓi abinsa. Daga wannan jijiya kalmar mortgage ta fito, wato bashin da ake jinginar da gida a kansa, haka ma wage, ladan aiki, haka ma wed, ɗaurin aure. Aure da albashi da bashin gida duk 'yan ɗaki ɗaya ne a Turanci, kuma abin da ya haɗa su shi ne an ajiye wani abu wanda za a rasa idan aka saɓa. A ƙarni na 17 Turawan Ingila suna amfani da engagement a ma'anar alkawari mai ƙarfi, sannan a ma'anar karon batta tsakanin runduna biyu. Ma'anar baiko, wadda yau ta fi kowace shahara, sai a ƙarni na 18 ta kankama.

Baikon nasu kuwa ba namu ba ne, ko da yake ba mu da kalmar da ta fi kusa. A Ingila ko Amurka, engagement magana ce tsakanin mutum biyu. Saurayi ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya buɗe ɗan akwati, ya tambayi budurwa, ta amsa, ya sa mata zobe a yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa na hannun hagu. Shi ke nan, an gama. Iyaye sukan ji labari daga baya, wani lokaci ta waya. A ƙasar Hausa kuwa, saurayi da budurwa ko sun shekara suna zance, ba a ce an yi baiko sai manya sun shiga: wakilan saurayi sun je wurin waliyyan yarinya, an ce an ba su, an raba goro da alawa a dangi da maƙwabta don kowa ya shaida, kafin a zo ga sa rana da lefe. Wurin da Bature ya ajiye zobe, mu mutuncin dattawa muke ajiyewa. Shi ya sa fasa aure bayan baiko yake da nauyi a wurinmu: ba yarinyar kaɗai aka kunyata ba, har da kawun da ya sa babbar riga ya je ya yi magana da bakinsa.

Shi kansa zoben lu'ulu'un da ake gani kamar tsohuwar al'ada ce ta kowane Bature, talla ce ta game shi da duniya. Masu hali sun daɗe suna bayar da shi, amma kamfanin De Beers na Afirka ta Kudu ne ya mayar da shi wajibi a kan talaka, ta hanyar kamfen ɗin da ya fara a Amurka a ƙarshen shekarun 1930. A 1947 wata ma'aikaciyar kamfanin talla, Frances Gerety, ta ƙirƙiro masa taken da ke cewa lu'ulu'u har abada ne. Daga baya tallace-tallacen har suka riƙa faɗa wa samari albashin wata nawa ya kamata su kashe a kan zoben. Mai ƙorafin tsadar lefe ya kwantar da hankalinsa, ba mu kaɗai 'yan kasuwa suka samu ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne ɓangaren shari'a, domin a can ne ake ganin jinginar ƙuru-ƙuru. Shekaru aru-aru, a dokar Ingila, alkawarin aure yarjejeniya ce kamar ta ciniki. Macen da aka yi wa alkawari aka fasa tana iya kai ƙara kotu ta karɓi diyya. Sai a 1970 majalisar dokoki ta soke wannan, ta ce alkawarin aure ba ya haifar da wani haƙƙi a gaban alƙali. Dokar ta ƙara da cewa zoben kyauta ce har abada, sai fa idan mai bayarwa ya iya tabbatar da cewa da sharaɗi ya bayar, na a dawo masa da shi in aure bai yiwu ba. A fiƙihun Musulunci dama tun asali neman aure ba ɗaurin aure ba ne: bai halatta komai tsakanin su biyun ba, kuma kowa na iya janyewa, sai dai an hana wani ya shiga neman wadda ɗan'uwansa ke nema. Amma rigimar kaya tana nan a ko'ina. Wa zai riƙe me idan aka fasa? Wancan yana jayayya a kan zobe, wannan a kan akwatuna da waya da kuɗin gaisuwar iyaye.

Sai kuma ruɗanin cikin gida. Bahaushen da abokin aikinsa Bayarabe ya miƙa wa katin engagement a Legas ko Ibadan, idan ya tafi da tunanin ɗan taron baiko ne na awa ɗaya, zai sha mamaki. Zai tarar da zaure cike, dangi biyu suna fuskantar juna cikin anko, mata biyu masu jagorantar taro suna ta raha da waƙa, ɗaya a madadin gidan ango ɗaya a madadin gidan amarya. Za a karanta wasiƙar neman aure a bainar jama'a, ango da abokansa su kwanta rub-da-ciki a gaban surukai, ga doya da zuma da sauran kayan da gidan amarya suka rubuta an jere su gefe guda. Wannan shi ne auren gargajiya ɗungurungum. A Turancin kudu maso yammacin Najeriya, engagement ba alkawarin aure ba ne, auren ne da kansa a idon dangi, ko da za a je coci ko masallaci ko rajista washegari. Baturen Landan da aka gayyata shi ma sai an yi masa bayani.

Akwai ƙananan ma'anoni da ba sa buƙatar dogon sharhi. A Birtaniya idan layin waya na kan magana sai a ce engaged ne, Ba'amurke kuwa busy yake cewa. Sakatar bayan gida a jirgin ƙasa na Ingila takan nuna wannan kalma idan da mutum a ciki. Makanike na amfani da ita idan haƙoran giya sun kama juna, ungozoma ta asibiti idan kan jariri ya sauko ya zauna a ƙugu gab da haihuwa. Ziyarce-ziyarcen aiki na gidan sarautar Ingila, buɗe asibiti ko karɓar baƙi, engagements ake kiransu, har 'yan jarida kan ƙirga wa ya fi yi a shekara. Lauya ko akanta ba ya fara maka aiki sai kun sa hannu a wasiƙar engagement, wadda ta fayyace aikin da ladan. A duk waɗannan, wani abu ya kama wani, ba ya da sararin zuwa wani wuri.

A bakin soja kalmar ba ta da wasa. Engagement shi ne lokacin da aka daina kallon juna aka buɗe wuta. Daga nan aka samu abin da ake kira rules of engagement, ƙa'idojin da ke faɗa wa soja yaushe zai harba, wa zai harba, da wane makami, kuma bayan wane gargaɗi. Na sha jin an fassara wannan da "dokokin aiki", kuma a ganina fassarar ta yi sanyi da yawa, domin tana ɓoye cewa rai ake magana a kai. "Ƙa'idojin buɗe wuta" ya fi gaskiya. A Ruwanda a 1994, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire suna nan a ƙasar aka yi kisan kiyashi, kuma takunkumin da aka sa musu kan amfani da ƙarfi na cikin abin da aka daɗe ana muhawara a kai. A can ƙa'idojin sun ɗaure hannu fiye da kima. A Tudun Biri ta jihar Kaduna kuwa, inda jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya kashe masu taron Mauludi da dama a Disambar 2023, tambayar akasin haka ce: wa ya tabbatar da abin da aka hango kafin a ba da umarni?

Matsalar da nake gani ta fi yawa ne a inda kalmar ta shiga bakin 'yan diflomasiyya da jami'an gwamnati, domin a nan ne ta fara sauƙi. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta fito da manufarta kan Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, wadda Chester Crocker, mataimakin sakataren harkokin waje mai kula da Afirka, ya tsara, aka kira ta constructive engagement. Ma'anarta ita ce kada a juya wa gwamnatin Pretoria baya, kada a ƙaƙaba mata takunkumi, a ci gaba da hulɗa da ita ana lallashi har ta gyara da kanta. Masu goyon baya sun ce wanda ka daina yi wa magana ba ka da ta cewa a kansa. Masu suka, irin su Desmond Tutu, sun ga cewa suna mai daɗi ne kawai aka raɗa wa ci gaba da kasuwanci da azzalumi. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar takunkumi, Reagan ya hau kujerar na-ƙi, majalisar ta tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. Har yau ana jayayya kan abin da manufar ta cim ma, musamman a batun 'yancin Namibiya, wanda Crocker ya shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniyarsa a 1988. Abin lura dai shi ne kalmar ta ba da damar a ce ana yin wani abu ba tare da an faɗi abin da aka ɗaure kai da shi ba.

Wannan salon ne ya gangaro har zuwa ɗakunan taro na otal-otal a Abuja da Kano da Maiduguri. Stakeholder engagement, community engagement, youth engagement. A hayi zaure, a buga kyalle mai tambarin masu ba da tallafi, a kira hakimi da limami da shugabar mata da wakilin matasa. Jami'i ya yi jawabi da Turanci na minti arba'in, a ba da minti goma na tambayoyi, a zagaya da takardar sa hannu, a raba abinci a roba da kuɗin mota, a ɗauki hoto. A rahoto za a rubuta cewa an yi engagement da al'umma. Idan mai fassara mai gaskiya ya zo juya wannan jimla zuwa Hausa, dole ya tsaya ya zaɓa: an sanar da su ne, ko an saurare su, ko an yi shawara da su, ko an sa su cikin yanke hukunci? Huɗun nan ba ɗaya ba ne, kuma Hausa ba ta da bargon da zai lulluɓe su gaba ɗaya. Sau da yawa amsar ita ce ta farko, taron tsintsiya ba shara.

Ba ina cewa duk abin da aka kira da wannan suna banza ne ba. Tarihin rigakafin shan inna a arewacin Najeriya ya nuna yadda na gasken yake. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata maganin, cutar ta bazu har zuwa wasu ƙasashe. Ba jawabin otal ne ya warware ba. Sai da aka yarda a sake gwada maganin, aka samo shi daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, kafin Kano ta koma a 2004. Daga baya sarakunan gargajiya ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi suka shiga aikin da kansu, aka ɗauki matan unguwa suna bi gida-gida, aka fara haɗa ɗigon da wasu magunguna da iyaye ke nema, tun da tambayarsu ba ta canza ba: me ya sa wannan kaɗai ne kyauta alhali zazzaɓi na kashe mana yara? A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. A nan hukuma ta sauya wani abu a tsarinta saboda abin da mutane suka faɗa, sarakuna kuma sun sa sunansu a kai, wanda da abin ya ɓaci su za a fara zagi.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci engagement ba ya nufin baiko, fiançailles ake ce wa wannan. Kalmar a can ta riƙe nauyinta na asali: ɗaukar alkawari, shiga aikin soja, tsayawa kan aƙida. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da marubucin Faransa Jean-Paul Sartre ya dage cewa marubuci ba shi da ikon zama ɗan kallo, ake kiran marubuci ko mawaƙin da ya ɗauki ɓangare a gwagwarmayar jama'a engagé. Da Sa'adu Zungur a Zinder aka haife shi, da haka za a kira shi. Saboda haka ɗan Maraɗi da ya ce wa ɗan Katsina wane engagé ne, ɗan gwagwarmaya yake nufi, kada na Katsina ya tambayi ranar biki.

Masana harkar gudanarwa su ma sun ɗauki tasu. A 1990 wani malamin jami'a a Amurka, William Kahn, ya yi amfani da kalmar wajen bayyana ma'aikacin da ke zuba jikinsa da hankalinsa da zuciyarsa a aiki, saɓanin wanda ya zo ya sa hannu yana jiran lokacin tashi. Kamfanin Gallup mai binciken ra'ayin jama'a yana auna wannan da tambayoyi 12, kuma a 'yan shekarun nan sakamakonsa na duniya yana nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke aiki da zuciya ɗaya. Mu kishin aiki muke cewa, kuma mun san ba a samunsa a inda albashi ke makara.

Ma'anar da matasa suka fi sani yau ita ce ta shafukan sada zumunta, har ta zama 'yar gida, ana cewa engejimen. A nan lissafi ne zalla: layik da kwament da sharin da ajiyewa, wani lokaci har da tsawon daƙiƙun da ka tsaya kana kallo. Mai mabiya 10,000 da ya wallafa abu aka taɓa shi sau 500, an ce yana da kashi 5 cikin ɗari. Da wannan lamba ake yi wa masu tallata kaya farashi, da ita kuma manhaja ke yanke wa za a nuna wa me. Lambar ba ta san dalili ba. Wanda ya rubuta "Allah ya yi albarka" da wanda ya rubuta ashar, duk kwament ɗaya ɗaya ne a wurinta, mai ashar ɗin ma ya fi daraja, domin zai dawo ya ga ko an rama.

Kamfanonin sun san haka. Facebook ya ƙaro alamomin so da dariya da mamaki da baƙin ciki da fushi a 2016, kuma takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa an taɓa ba kowace irin wannan alama maki biyar, layik kuwa maki ɗaya. Wato abin da ya fusata mutane yana da hanyar hawa sama da sauri. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka gano cewa alamar fushi ta fi taruwa a kan labaran ƙarya da na cin zarafi, daga baya aka rage makinta har ya koma sifili. A Janairun 2018 shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya sanar da cewa za a fifita abin da ke jawo magana tsakanin mutane, da niyyar kusanto dangi da abokai. Waɗannan takardu sun nuna cewa wasu jam'iyyun siyasa a Turai sun yi ƙorafin sauyin ya tilasta musu zafafa harshe, don in ba haka ba babu mai ganinsu. A gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a Oktoban 2021, jera abubuwa bisa engagement shi ne abin da Haugen ta fi nuna wa yatsa.

Mai karanta shafukan Hausa ba ya buƙatar takardar sirri kafin ya gane. Ya ga hoton mara lafiya da aka ce duk wanda bai rubuta amin ba ba shi da imani. Ya ga tambayar da aka jefa da gangan, matan wane gari ne suka fi iya girki, ko wace ƙungiyar addini ce a kan daidai, mai shafin kuma ya koma gefe yana kallon wuta na ci. Ya ga wanda ke rubuta kuskure da sani don masu gyara su yi masa ca. Tun Disambar 2017 Facebook ya ce zai riƙa danne irin wannan tarko na neman dannawa, amma da shafin X ya fara raba kuɗin talla ga masu wallafa a 2023, sauran ma kowa da irin tsarin biyansa, fusata jama'a ya tashi daga neman suna ya zama sana'a mai dala.

Wanda ya fi cutuwa da rashin fahimtar wannan ma'ana, bayan mai karatu, shi ne ƙaramin ɗan kasuwa. Mai shagon atamfa ya ga shafi mai kwament dubu biyu a kowane rubutu, ya tura kuɗin talla, ya zauna jiran waya. Bai duba ya ga cewa dubu biyun nan faɗa suke yi da juna ba, ko kuwa wani kaso nasu asusun bogi ne da aka saya da kuɗi, ko 'yan ƙungiyar "yi min in yi maka" ne da ke zagayawa suna danna wa juna. Tallarsa ta fita, aka yi mata layik ɗari uku, mutum bakwai suka tambayi farashi, ba wanda ya turo kuɗin ko turmi ɗaya. Da ya yi ƙorafi, mai shafin ya aiko masa da hoton alƙaluma, ya ce ai engejimen ɗin ya yi kyau. Kuma a ma'anar da kalmar ke da ita a wannan kasuwa, bai yi masa ƙarya ba.